Hayaƙin da Mai Mota Bai Taɓa Gani Ba

Shekara talatin da huɗu ina kwanciya a ƙarƙashin motoci, amma raina bai taɓa ɓaci irin na ranar da ɗan ƙanwata ya shigo garejina ido jawur ba. Direba ne, magidanci da iyalinsa. Maigidansa, wani mai sayar da kayan gini, ya ce satar baƙin mai yake yi.

"Kawu, duk kwana biyar sai na ƙara lita guda," in ji shi. "Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, ko ɗigo babu. Ya ce tunda ba ta zubarwa, ni nake kwashewa. Ran Asabar zan ajiye masa makulli."

Ɓarawo? Mutumin da ko allura ya tsinta sai ya yi cigiya? Na ce maza ya kawo min motar, da mai ita a ciki.

Da hantsi suka iso. Maigidan ya fito daga kujerar baya yana duba agogo.

"Malam, na gama bincikena. Ba ta yoyo, ba ta hayaƙi."

"Madalla, Yallaɓai, ashe abokin sana'a muka samu," na ce masa.

Na leƙa ƙarƙashi, a bushe ƙamas, nan kam ya yi gaskiya. Na buɗe lagireto, ruwa garau, mai bai gauraya da shi ba. Na zura yatsa a salansa, ya fito baƙi ƙirin da maiƙo. Na kwance fulogi, biyu sun yi dattin ƙonannen mai. Na auna matsin injin, ringi lafiya lau. Saura robobin bawul ke nan, masu tare mai kada ya shiga inda fetur ke ƙonewa. In suka tsufa suka bushe, mai yana silalewa ta nan ya ƙone, kuma hayaƙin ba ya fitowa sai a tashin farko da safe, ko a ƙarshen gangara.

Da na so sai in yi masa bayani. Amma wanda ya riga ya kira mutum ɓarawo ba ya ji da kunne, sai ya gani da ido.

"Yallaɓai, ka taɓa bin bayan motarka ka gan ta tana tafiya?"

Ya girgiza kai. Ina zai gani? Kafin ya fito da safe an tayar da ita ta ɗumama, shi nasa ya shiga ya kishingiɗa.

Na jawo tsohon babur ɗina na ce ya hau bayana. Ya kalle ni, ya kalli babur ɗin, da ƙyar ya ɗaga ƙafa. Na ce wa ɗan ƙanwata ya bi doguwar gangarar bayan gareji da motar, ya ɗauke ƙafa daga totur har ƙarshen gangarar, in ya isa sai ya taka shi.

Muka bi shi a hankali. Yana takawa, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe mu. Mutumin ya ƙanƙame min kafaɗa yana tari kamar wanda ya shaƙi barkono.

"Shaƙa da kyau, Yallaɓai!" na ɗaga murya. "Manka ne, kai ka saye shi!"

Da muka dawo bai sake duba agogo ba. Ya tambayi kwana nawa gyaran zai ɗauka.

"Kwana biyu. Amma ba na ɗora sifana a kanta sai an fara gyara abin da ya fi inji lalacewa."

Ya gane. Ga mai walda da mai faci, maƙwabtana, sun tsaya suna kallo. Ya juya ya kama hannun direbansa da hannu biyu.

"Na zalunce ka. A gaban ma'aikatana na faɗa, a gabansu zan janye. Ka yafe min."

Wallahi ranar na yi alfahari da wannan baƙin hannun nawa, har ƙirjina ya cika. Ɗan ƙanwata ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Kawu," ya ce, "akwai abinci a nan kusa? Kwana uku ke nan ko loma ban iya haɗiyewa ba."