Asabe da Tseren Buhu

Sau uku na saki kalmasar yunifom ɗin Asabe a shekarar 1984, kuma ni tela ce, na san yara ba sa tsawo haka. Shekararta takwas, amma ta kere 'yan ajinsu kaf. Ga ƙirji ya fara tasowa, ga warin gumi irin na manya. Babanta Audu, da ya dawo daga masaƙa a Kakuri, sai ya ce wake ne ya karɓe ta. Shi komai wake ne.

Ni kuwa tsoro ya kama ni, na kuma huce a kanta. Na hana ta tsallen igiya a ƙofar gida. In ta yi dariya da ƙarfi in ce ta nutsu, ta girma. Yarinya mai surutu ta koma shiru-shiru, ni kuma ina ganin tarbiyya nake yi.

Abu ɗaya ya rage mata, tseren buhu na wasannin makaranta. Wata guda tana tsalle cikin tsohon buhun masara a bayan ɗaki. Ana saura kwana uku ta dawo da kuka. Wai Malam Jethro mai kula da wasanni ya cire sunanta, ya ce ta kai sha biyu, mun rage mata shekaru.

Ni za a ce wa maƙaryaciya? Na ɗauko katin baftisma, na ja ta muka biya kilinik don a ba ni shaida. Sista Selina, wadda ta karɓi haihuwarta, ta auna ta, ta duba tsohon katin awo. Ta ce balaga ce ta zo da wuri, ana samun haka, ta rubuta mana takardar ganin likita don a tabbatar ba wata cuta. Ta ce in ɗinka mata singileti, in koya mata wanka sau biyu, in kuma yi mata bayanin al'ada tun kafin ta zo ta firgita ta. Sannan ta dube ni ta saman tabarau.

"Ladi, jikin ne ya yi gaggawa. Ita yarinyar tana nan a takwas ɗinta. Tana wasa kuwa?"

Na sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ni, don na riga Malam Jethro ƙara mata shekaru.

Duk da haka ban raga masa ba. Na same shi a makaranta, na shimfiɗa masa katunan a tebur ɗaya bayan ɗaya, har ya fara neman biro yana cewa, "Sorry madam, ai kuskure ne."

Ranar tsere Asabe ta shiga buhu, ya tsaya mata a ƙugu saboda tsawo. Tsalle huɗu ta kife a ƙasa, ta tashi, ta zo ta biyun ƙarshe. Ta taho wurina da gudu, gwiwa a kurje, baki har kunne, ga giɓin haƙorin da bai gama fitowa ba.

"Mama, in mun koma gida zan iya yin tsallen igiya? Ko har yanzu na girma?"

Da yamma ni na riƙe mata bakin igiyar.