Kason Mahauci

Shekara uku Uwaisu ya yi a Bloomsbury, cikin London, yana bin diddigin auren Turawan da suka mutu tun kafin a haifi kakansa. Gwamnatin jiharsu ce ta turo shi neman digirin dokta, a lokacin da arzikin mai ya sa ake tura mutum Ingila ko me ya ce zai karanta. Shi kuwa ya rasa abin zaɓa sai littattafan soyayya na ƙarni na sha tara, inda ba a aurar da yarinya sai an auna gidan uban saurayi, an leƙa barorinsa da keken dokinsa. Ya karanta su har sun gundure shi. Abin da ya fi ba shi haushi, marubutan duk rantsuwa suke yi cewa hali ya fi asali, amma da an kusa shafin ƙarshe sai wata gwaggo ta mutu ta bar wa talakan gado, ko a gano ashe ɗan manya ne ya ɓata tun yana jariri. A cikinsu bai ga wanda ya shiga gidan manya da halinsa tsura ba. Ya rubuta haka a babi na huɗu, malaminsa ya ja layi a ƙasa ya ce ya cika zafi.

Malamin bai san da Karimatu ba.

Karimatu haɗa magunguna take karantawa, tana zaune a Plumstead wajen yayarta da mijin yayar, Dokta Zailani. Mahaifinta ɗan kwangila ne a Kano, irin waɗanda siminti ya ɗaga sama cikin shekara biyu har suka manta sun taɓa hawa keke. Uwaisu yana sonta, so mai wahalarwa, ita ma tana sonsa daidai gwargwado. Yanzu ga kawunta, Alhaji Mainasara, ya zo London a duba masa hawan jini, kuma an ɗora masa aikin ganin yaron da ake ta magana. Abin da ya koma ya faɗa a Kano, shi ne auren ko rashinsa.

Mahaifin Uwaisu kuwa mahauci ne a kasuwar Yelwa, kamar kakansa.

"In ya tambaye ka sana'ar Baba, ka ce harkar shanu," in ji Karimatu a waya. "Ai ba ƙarya ka yi ba."

"Masu rai ko yankakku?"

"Uwaisu, don Allah. Rana ɗaya ce fa. Jibi zai koma, an riga an yi masa booking na jirgi."

Ranar Babbar Sallah ce, cikin Disamba, sanyi kamar zai tsinke kunne. Uwaisu ya sa babbar rigarsa ɗaya tilo a ƙarƙashin kwat, ya hau jirgin ƙasa zuwa Plumstead a gajiye tun kafin ya isa. Ya durƙusa ya gaida Alhaji Mainasara a falo. Dattijon fari ne, mai sanyin murya, yana jan carbi yana kallon mutum ta saman tabarau.

"Me aka ce kana karantawa?"

"Littattafan Ingilishi, ranka ya daɗe. Yadda suke aure a da, da yadda suke raba manya da talakawa."

"To, madalla. Su ma ashe suna duba asali?"

"Ƙwarai kuwa."

"Ka ga mutanen kirki," in ji Alhaji. "Mahaifin naka fa?"

"Harkar shanu yake yi."

Alhaji ya gyaɗa kai, da alamar ya gamsu. Uwaisu ya ji kunya ta rufe shi, domin da kuɗin tsire da balangu mahaifin nasa ya saya masa fitilar da ya yi karatun firamare da ita. Karimatu, wadda ta kawo shayi, ta sakar masa murmushi ta bayan kawunta.

Da a nan aka tsaya, da an gama lafiya. Sai aka kawo ragon layya daga wajen wani Bafakistane a Deptford, an yanka an feɗe, amma ba a daddatsa ba. Aka shimfiɗa leda a teburin kicin. Dokta Zailani, da yake likita ne, ya ɗauka ai nama nama ne, ya naɗe hannun riga ya ɗauko wuƙar burodi. Alhaji ya ja kujera bakin ƙofa don ya sa albarka, Uwaisu yana tsaye gefe ya harɗe hannuwa a baya.

Dokta ya kama cinya ya hau gurzar ƙashi. Ya bar gaɓar da tazarar yatsa biyu, yana ta huci, tsoka tana yagewa kamar tsumma. Daga nan ya ɗauko guduma. Uwaisu ya kau da kai ya kalli taga. Ya ji ƙarar ƙashi ya tarwatse cikin nama, ya san duk wanda ya ci miyar nan sai ya tofar da tsakuwa. Da Dokta ya juya ragon ya nufi gadon baya da gudumar, naman da ya fi ko'ina taushi, Uwaisu bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba.

"Dokta, kawo in taya ka."

Ya zaɓi wata ƙaramar wuƙa, ya kifa faranti ya wasa ta a gindinsa, ya gwada kaifin a farcen babban yatsa. Ya laluba da yatsa ya sami gaɓar, ya zura bakin wuƙar, cinya ta rabu ba ko ƙara. Ya cire karfata, ya bi haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, ya zare gadon baya guda, ya ware kitse gefe. Ya kasa naman kashi uku yadda ake yi wa layya, kowane kashi da tsokarsa da ƙashinsa, ba wanda ya fi wani. Rabon da ya ji daɗin wani aiki haka tun kafin ya sauka a ƙasar nan. Sai da ya goge wuƙar a cinyar babbar rigarsa, gaba da baya, sannan ya lura kowa shi yake kallo.

Karimatu tana bakin ƙofa, ta dafe ƙirji da tire.

"Tubarkalla," in ji Alhaji Mainasara a hankali. "Wannan hannu ba a makaranta aka same shi ba. Su waye a fawa a gidanku?"

Uwaisu ya ga ƙofar ƙarya a buɗe. Yana iya cewa a maƙwabta ya gani. Amma ya gaji, gajiyar shekara uku.

"Mahaifina, ranka ya daɗe. Da kakana."

"Allah ya yi albarka. Sana'a ce mai kyau."

Aka ci abinci cikin mutunci. Alhaji ya yaba naman har sau uku, bai kuma sake tambayar komai ba, ko sunan unguwarsu, ko wanda za a nema a gida. Da Uwaisu ya tashi tafiya bayan la'asar, dattijon ya sa aka naɗe wuya da ɗan haƙarƙari a jarida, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ga naka. Ba a sallamar mai aiki hannu banza."

Uwaisu ya san wannan ƙunshin. Sau ɗari ya ga an miƙa wa mahaifinsa irinsa a ƙofar gidajen manya ranar Sallah. Ya rusuna ya karɓa, ya yi godiya.

Karimatu ta raka shi zuwa ƙofa, idonta ya yi ja.

"Me ya kai ka taɓa wuƙar nan? Minti goma ya rage maka ka haƙura."

"Ɓata naman yake yi."

"Naman," ta ce. Ta tsaya kamar za ta ƙara wani abu. Ya jira, domin a littattafansa a daidai nan ne yarinya take ɗauko mayafinta ta bi saurayi. Daga falo kawunta ya kira sunanta, ta amsa, ta tura ƙofar a hankali don kada sanyi ya shiga.

A jirgi ya ɗora ƙunshin a cinya, jini ya fara ratsa jaridar. Wata tsohuwar Baturiya ta dube shi ta matsa gefe. Ya buɗe bakin ƙunshin ya duba. Wuya ne mai kyau, an ba shi kason mahauci cif, yadda ake ba ubansa.