Kwana Nawa Kafin Asibiti

Ummusalama ta shiga ajin Ustaza Hajar da tambayarta a rubuce tun ranar farko, alhali sauran ɗalibai ba su ma san abin da za su bincika ba. Shekararsu ta ƙarshe ce a wata kwalejin koyon aikin lafiya da ke Gadarif, kuma dole kowa ya rubuta bahas, wato binciken da ya yi da kansa, kafin a ba shi shahada, wato takardar kammala karatu. Ustaza Hajar ce ke koya musu yadda ake yinsa. Mace ce da ta haura hamsin, mai magana a hankali, kakanninta sun taso daga Haɗeja za su hajji suka zauna a nan. Da Larabci take darasi, amma in ta keɓe da 'ya'yan Hausawa sai harshe ya juya.

Ta bi layi tana duba takardu. Wani ya rubuta "Cututtuka a Sudan", ta tambaye shi ko yana da shekara ɗari a hannu. Wata ta rubuta "Muhimmancin tsafta", ta ce mata wannan wa'azi ne, kowa ya yarda da shi, ta je ta nemo abin da ba ta sani ba kuma take son sani. Da ta zo kan takardar Ummusalama sai ta daɗe a tsaye. Abin da ke rubuce shi ne: "Me ya sa jahilcin magidanta yake kashe matansu da ciwon kala-azar a Gadambaliya?"

Ustaza ba ta yi tsokaci a kai a gaban aji ba. Ta ce ta same ta a ofis bayan darasi.

A ofis ta zuba mata shayi, sannan ta tambaye ta wa ya rasu. Ummusalama ba ta zaci tambayar ba. Ta ajiye kofi, ta ce mahaifiyarta ce, Ummuhani, shekara biyu da suka wuce. Zazzaɓi ya kama ta a garinsu Gadambaliya lokacin yankan riɗi. Ita Ummusalama tana nan Gadarif a shekararta ta farko, ba wanda ya gaya mata. Babanta Jatau, ma'aikacin gona ne, ya yi ta sayo maganin malariya har kwana arba'in. Da aka kawo ta asibiti saifa ta kumbura, jiki ya ƙare, aka ce kala-azar ce, ta rasu a rana ta biyar da fara allura. Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa ta da babanta.

Ustaza Hajar ta yi mata ta'aziyya, ta bar ta ta share hawaye. Sannan ta jawo takardar.

"Ya bitti, 'yata, wannan ba tambaya ba ce. Hukunci kika yanke, kika sa masa alamar tambaya a ƙarshe. In kika fita da ita, abin da kika ɗauka daga nan shi za ki dawo da shi."

Ran Ummusalama ya ɓaci. Ta ce ita ta ga mahaifiyarta a kan gadon asibiti, ba labari aka ba ta ba. Ustaza ta ce gaskiya ne, ta ga gida ɗaya, kuma ƙarshensa kawai ta gani. Ba ta hana ta maganar kala-azar ba, ta ce ma ita ce ta fi kowa cancantar yinta. Ta ba ta jan biro, ta ce ta ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ba za ta iya ƙirgawa ko ta ji daga bakin mutane ba.

Mako uku suka yi suna wannan. Ummusalama ta kawo rubutu sau huɗu. Kalmar jahilci ce ta fi wuyar fita. Ta mayar da ita "sakaci", Ustaza ta tambaye ta da wane ma'auni za ta auna sakaci. Ta cire "matansu" bayan an tambaye ta ko maza ba sa kamuwa. Akwai ranar da ta fita ofis ba sallama, ta yi kwana biyu ba ta zo aji ba, Ustaza ta aika Salwa, ƙawar Ummusalama, ta kira ta. A ƙarshe abin da ya rage shi ne: kwana nawa ne tsakanin fara zazzaɓi da isa asibiti ga masu kala-azar a gidajen ma'aikatan gona na unguwarsu, kuma me mutanen gidan suka ce ya tsayar da su? Ummusalama ta ce tambayar ta yi ƙanƙanta. Ustaza ta ce ƙarama ce, amma tana da amsa.

Sai aka koma koyon yadda ake tambayar mutane. Suka riƙa gwadawa a aji, Salwa ta zama matar gida, Ummusalama ta zama mai bincike. Duk lokacin da ta ce "ba mijinki ne ya hana ba?" sai Ustaza ta ɗaga hannu, ta ce ta sa amsa a bakin mutum. Ta koya musu neman izini, da ɓoye sunaye, da rubuta abin da aka faɗa ko da bai yi musu daɗi ba. Da Ummusalama ta ce mutanensu ba sa riƙe kwanan wata, Ustaza ta ce to da me suke riƙe lokaci? Ummusalama da kanta ta lissafo: Mauludi, ranakun kasuwa, ruwan ƙarshe, ranar da aka fara yankan riɗi. Ustaza ta sa ta maimaita wa aji duka.

Da hutu ya zo ta hau lori zuwa Gadambaliya. Dawa ta nuna, baƙar ƙasa ta fara tsagewa. Ta samu gidaje ashirin da ɗaya da aka yi ciwon a shekara uku, ta riƙa bin su da littafinta, ana shimfiɗa mata tabarma a rumfa ana dafa jabana, wato gahawa. Abin da ta ji ya rikita ta. Kusan kowa ya san sunan ciwon, ya san alamunsa. Fiye da rabin marasa lafiyar maza ne, wasu matansu ne suka ce su ƙara haƙuri. Kowa da maganin malariya ya fara. Waɗanda ciwon ya kama bayan girbi sun isa asibiti cikin mako biyu ko uku. Waɗanda ya kama lokacin riɗi sun wuce wata. Riɗi ba ya jira, in ya nuna ba a yanke shi ba sai ya fashe ya zube, ga shi allurar ta kwana goma sha bakwai ce, kuma dole wani ya zauna da mai jinya.

Gida ɗaya ya rage a jerin, nasu. Ta kira Ustaza Hajar a waya ta ce tana son ta tsallake shi. Ustaza ta ce tana iya tsallakewa, amma ta rubuta a cikin bahas ɗin cewa ta tsallake da dalilinta. Ko ta sa Salwa ta yi tambayar. Ko ta yi da kanta. Ta ce zaɓin nata ne, kuma ba za ta rage mata maki a kan ko wanne ba.

Kwana biyu tana tunani. A rana ta uku bayan la'asar ta samu babanta a gindin aduwa yana wasa lauje. Ta nemi izininsa kamar yadda ta nemi na kowa. Jatau ya ajiye laujen, ya gyara zama. Ta yi tambayoyin bi da bi, idonta a kan littafi. Ya ce zazzaɓin ya fara kwana biyu kafin yankan riɗi. A rana ta goma ya yi magana da wani direban lori, Ummuhani ta ƙi hawa. Ta ce in su biyu suka tafi, wa zai yanke, me za a ci har baɗi? Ita ce kuma ta hana a gaya wa Ummusalama, don kada ta bar karatu. Ya sake magana a rana ta ashirin, ta ce saura kaɗan.

Ummusalama ta zo kan tambayar ƙarshe, me ya tsayar da su. Ta karanto masa ita daga littafin. Jatau ya ɗago ya dube ta.

"Riɗi ne," ya ce. "Kuma ni ne. Da na ɗauke ta da ƙarfi na sa a lorin, da ta yi fushi ta huce. Rubuta wannan ma, ɗiyata."

Ta rubuta. Sannan ta rufe littafin, ta zauna a gefensa har aka kira magariba.

Da ta koma Gadarif ta rubuta bahas ɗin cikin kwana goma. A shafin ƙarshe ta sa cewa bincikenta ya tabbatar magidanta ba su da laifi. Ustaza Hajar ta karanta, ta dube ta da tausayi, ta soke layin. Ta ce gidaje ashirin da ɗaya ba su faɗi haka ba, kuma ba abin da ta tambaya ke nan ba. Ta ce ta faɗi kwanakin, ta faɗi dalilan da aka ba ta, ta faɗi abin da ba ta iya ganowa ba. Wannan karon Ummusalama ba ta yi musu ba. Ta ƙara sakin layi ɗaya na tambayar da ta rage: da za a kai gwajin ciwon har gona lokacin riɗi, kwanakin za su ragu?

Ta ci jarrabawa, ba da maki mafi yawa a ajin ba. Bayan wata shida ta samu aiki a wani ƙaramin asibiti kusa da garinsu. Da riɗi ya sake nuna, ta roƙi shugaban asibitin ya bar ta ta riƙa zagaya bukkokin ma'aikata ranar Talata da Alhamis da kayan gwaji. Mota babu, sai Jatau ya ce zai riƙa kai ta a amalanken jakinsa in ya tashi daga yanka. A hanya yakan nuna mata gonakin da ya san akwai mai zazzaɓi, ita kuma ta sauka ta tambaya tun yaushe ya fara.