Sanyin Motar Ɗangana

Garba bakanike na danna maɓallin esi, na'urar sanyaya mota, motar ta yi karkarwa ta mutu.

"Sake tada ta," in ji Ɗangana daga gindin dalbejiya, idonsa a rufe, kumburarrun ƙafafunsa bisa turmi. "Bar ta ta yi silo, injin na tafiya a hankali, in saurara."

Ɗangana maƙwabcina ne a Yelwa, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara da shekaru yana jigilar bandar kifi daga Wara da wannan farar akori-kura, wadda har lokacin lambar Sakkwato ce a jikinta, ko da yake an riga an ba mu jihar Kebbi. Tun da ya saye ta esinta bai taɓa aiki ba, bai kuma damu ba, sai bazarar da ciwon zuciya ya kwantar da shi. Da aka sallamo shi daga asibiti ya ce shi bakin ruwa zai koma, wajen danginsa. Matarsa, uwar Goodness, ta ce in aka sa shi a mota cikin wannan zafi ko rabin hanya ba zai kai ba, don da ƙyar numfashinsa ke fita. Shi ya sa na rufe shagon ɗinkina na ɗauko Garba.

Garba ya canza fulogi, ba ta sake zani ba. Ya goge zufa da gefen riga.

"Baba, kwamfiresar esin ce ke jan inji, shi kuwa injin ba ya da ƙarfin ɗaukarta."

"Ba ita kaɗai ba ce. Ko da can, in na tsaya bakin kasuwa motar kan mutu. Tana shaƙar iska wani wuri. Ba ka jin tana shewa?"

Muka yi tsit. Can ƙasa-ƙasa sai ga wata 'yar ƙara siririya. Garba ya bi ta da yatsa har ya kai ga wani ɗan tiyo da ya tsage bayan kafireta. Ya yanke tsagin ya mayar, ya wanke kafiretar da fetur, ya ɗaga silo, ya ɗaure bel. Gas ɗin da za a ɗura wa esin kuwa sai da aka aika Kontagora.

Ranar da gas ɗin ya iso, Garba ya danna maɓallin. Injin ya ɗan sunkuya, ya miƙe. Iska ta fito da warin ƙura da na tsohon kifi, daga baya ta yi sanyi.

Ni na tuƙa, don Ɗangana ne ya koya mini mota. Yana tsakiya, matarsa na jikin ƙofa, Garba na baya da akwatin sufanu. Da gilasai a rufe, duniya ta yi shiru. Shanu na wucewa ba ƙara, mata masu tallan albasa na buɗe baki ba ma jin komai, kwalta na rawa da zafi can gaba.

"Magaji," Ɗangana ya ce da ni, "ka san garinmu na ƙarƙashin tafkin ga? Tun da aka yi dam ruwa ya haɗiye shi. Ina jin haka sanyin yake can ƙasa."

"Ka huta, Baba."

"Jiya na ga ɗakin Inna. Kifi na shiga ta ƙofa suna fita ta taga, ita ko tana shara abinta."

Uwar Goodness ta gyara masa kai bisa kafaɗarta, tana rera wata waƙar coci a hankali.

Da la'asar muka gangara bakin ruwa, gaba da Wara kaɗan. Na kai hannu ga makulli, Ɗangana ya ce, "Kar ka kashe ta tukuna."

Na bar ta tana silo. Tafkin ya miƙe har inda ido ya gaza, jiragen masunta na tafe kamar ba tuƙa su ake ba. Ya ɗora tafinsa a bakin ramin da sanyin ke fitowa, ya daɗe haka. Ban san lokacin da hannun ya zame ya sauka kan gwiwata ba.

Waƙar ta tsaya.

"Kashe ta, Malam Magaji," in ji uwar Goodness. "Ya iso."

Na kashe, na fito. Zafi ya rufe ni, da kukan tsuntsayen ruwa. Garba ya duba fuskata, ya cire hularsa, ya nufi cikin gari kiran dangi. Na tsuguna jikin taya. A ƙarƙashin motar ruwan esi na ɗiga kan yashi, ɗis, ɗis, wasu fararen malam-buɗe-littafi sun sauka gefen danshin suna sha.