Ƙofar Gefe

Tun da aka rufe rumfar zaɓen unguwarsu Cleophus Gaddis bai sake jefa ƙuri'a ba, kuma duk faɗin garin babu wanda ya san haka sai ƙanwarsa Verlean.

A da, a makarantar firamare ta bayan layin dogo suke zaɓe. Sai shugabannin gunduma suka ce rumfuna sun yi yawa, suka kwashe na'urorin zaɓen suka kai ginin kotu. A matakalar ginin nan ne 'yan sanda suka fasa wa Cleophus kai da kulki yana saurayi, ranar da baƙar fatar garin suka yi jerin gwano daga coci don a sa su cikin masu zaɓe. Tun daga ranar kunnensa na hagu ya mutu. Duk shekara idan ranar tunawa ta zagayo, a gindin matakalar ake ajiye masa kujera, ya ba da labari har baƙi su yi ta share hawaye. Zama yana iyawa. Hawa ne ya gagare shi.

Verlean ce ke koyar da sha'anin zaɓe a ɗakin bayan coci duk Laraba: katin da za a riƙo, inda aka mayar da rumfa, abin da mutum zai ce idan an ce ba a ga sunansa ba. Masu zuwa ba sa cika benci biyu. Yayanta kuwa duk zaɓe da uzurinsa. Wani karon gwiwa ce, wani karon hawan jini, wani karon kuma duk 'yan takarar ɓarayi ne. Takan saurare shi har ya gama, ta zuba masa kofi, ta haɗiye abin da ke bakinta.

Bana ranar tunawa ta faɗo daidai da ranar zaɓe, kuma waɗanda suka rufe rumfar suna cikin masu neman a mayar da su kujerunsu. Verlean ta roƙi kwamiti a ɗaga bikin zuwa Asabar. Dattijo Bynum, shugaban kwamitin, ya ce motocin baƙi daga Chicago sun riga sun kamo hanya, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tarihi ba ya matsa wa kowa.

Da safe ta tarar da Cleophus ya sa shuɗin kayan gonar nan mai igiya a kafaɗa, irin wanda aka dake shi a ciki, ya sha guga har yana ƙyalli. Ta ce ya yi kyau kamar ango, saura ta ga ko angon zai shiga ɗaki. Ya juya mata mataccen kunnen, kamar yadda ya saba idan magana ba ta yi masa ba, ya ce ita dai yarinyar nan bakinta ya girme ta. Yarinyar ta haura saba'in.

Aka taso daga coci rana na dukan tsakar ka, mata na fifita da mafitan kwali masu tallar gidan shirya gawa. Al'adar bikin ba ta canzawa. A yi tafiya ana waƙa har ginin kotu, a tsaya a matakalar da ta tsage, wadda jini ya zuba a kanta, a durƙusa a yi addu'a, sannan a juya baya kamar yadda aka juyar da iyaye, a koma coci cin soyayyar tarwaɗa.

Da suka iso, Verlean ta ga an lulluɓe matakalar da furanni daga sama har ƙasa, an gicciye igiya, an kafa lasifika. Matasan coci masu farar safar hannu sun jeru a gaban igiyar. A jikin fitilar titi kuma an liƙa kwali da kibiya, an rubuta cewa masu zaɓe su bi ta ƙofar gefe.

Ta san ƙofar. 'Yar gajera ce, kusa da mazubin shara. Ta nan uwarsu take shiga da, ta tsaya a tsaye har turawa su gama. Ramukan ƙusoshin allon da ya ware ta don baƙar fata har yau suna nan a saman ƙyauren, fenti bai rufe su ba.

Ta ja Dattijo Bynum gefe. Ya saurare ta yana share gumi, ya ce haba 'yar'uwa Verlean, na ɗan lokaci ne kawai, kuma ƙofar gefen ma ta fi wa tsofaffi sauƙi tunda babu hawa. Da zuciya ɗaya ya faɗa, wannan ne ya ƙara ƙona mata rai. Ya koma kan lasifika ya shiga jero sunayen manyan baƙi.

Ana cikin haka sai ga wata matashiya cikin kayan aikin jinya ta kutso da sauri, katinta a hannu. Shantrell ce, mai aiki a gidan kula da tsofaffi, ɗaya daga cikin masu zuwa ajin Laraba. Ta kai hannu za ta ɗaga igiya, wani mai farar safa ya tare ta da ladabi, daidai kusa da kujerar Cleophus, ta ɓangaren kunnensa mai ji.

"Nan ba naku ba ne yau, 'yar'uwa. Zagaya ta gefe."

Shantrell ta leƙa layin da ya cunkushe a 'yar ƙofar, ta dubi agogonta, ta juya wajen motarta.

Verlean ba ta san lokacin da ta ratsa baƙi ta tsaya a kan yayanta ba. Ta sunkuya daidai kunnen dama.

"Ka ji ko ba ka ji ba? Wannan kunnen dai lafiyarsa ƙalau."

"Ki bar ni, Lean."

"Sau ɗaya suka fasa maka kai, Yaya. Sauran duk kai kake ba su kyauta. Sun mayar da kai hoton bango, kai kuma ka zauna kana ƙyalli."

Bai ɗago ba. Ya ce a hankali, "Ba ke aka daka ba."

"Ni na wanke rigar. Ruwa nawa na canza bai daina ja ba. Ban wanke ta don a riƙa goge ta ana ɗaukar hoto ba."

Daidai nan Dattijo Bynum ya kira sunan gwarzon gari, aka ɗauki tafi, aka miƙo masa abin magana. Cleophus ya miƙe da ƙyar. Kowa ya gyara tsayuwa don jin labarin da aka saba, na karnuka da kulake da takalminsa da ya ɓata. Ya daɗe yana kallon yaron mai farar safa.

"Abin da ka faɗa wa yarinyar can," in ji shi, "shi ɗan sandan ya faɗa mini. Shi dai bai sa safa ba."

Ya ce a kwashe furannin, zai shiga ya yi zaɓe, don rabonsa da zaɓe tun da aka dawo da rumfar ginin nan. Babu wanda ya motsa, kowa na kallon Dattijo Bynum. Verlean ta kwance igiyar da kanta, ta sa ƙafa ta share hanya, furannin masu tsada suna gangarawa kan titi. Ta ɗaga murya ta kira Shantrell, wadda ta riga ta buɗe mota.

Cleophus ya fara hawa. Da ya kai matakalar da ta tsage, ƙafarsa ta ƙi. Gumi ya jiƙe bayan rigar, ya damƙe ƙarfen dafawa. Verlean ta so ta riƙe shi, ta fasa. Wata daga cikin baƙi ta ɗauko waƙa, wayoyi suka tashi sama kamar zangarniyar dawa. Verlean ta juya ta ce a yi mata shiru, wannan ba wasan kwaikwayo ba ne. Mai kati ya bi layi a bayansa, marar kati ta gan shi ranar Laraba, mai jin yunwa kuma tarwaɗa na can tana jiransa.

Shantrell ta iso ta tsaya a bayan tsohon, ta rasa yadda za ta yi. Ya ce, "Wuce, 'yata, ke kina da aiki." Ta wuce shi ta haye, takalminta na roba ya taka tsagin bai ko tsaya ba. Ya bi takalmin da ido. Sannan ya ɗaga ƙafa ya sa inda ta sa.

Aka yi tafi har da guɗa. Amma da ƙyaure ya rufe a bayansa, yawancin jama'a suka yi abin da suka saba, suka juya suka nufi coci. Layin da ya rage a matakala bai kai na ajin Laraba da yawa ba. Verlean ta tsaya tana kallon bayansu, tana jin zuciyarta na tafasa kamar man da ke jiran kifin.

Da ya fito, ta ga ya tsufa fiye da yadda ya shiga. Ya sauko a hankali ya tsaya kusa da ita, yana mayar da numfashi. Ta tambaye shi wa ya zaɓa, ya ce ba ruwanta, ai ita ta koya wa mutane haka. Can ya waiwaya ya dubi ginin.

"Ƙyauren ma ba shi da nauyi," in ji shi.

Ta je jikin fitilar titi ta ɓamɓaro kwalin nan mai kibiya, ta ninke shi ta danna a hammata. Akwai taron kwamiti ranar Lahadi, kuma a kan teburin Dattijo Bynum za ta ajiye shi.