Ƙasar da Ta Mutu Kafin Jarrabawa

Dakta Jiya ya san Tarayyar Sobiyet kamar yunwar cikinsa. Can ya yi karatu, a birnin Kiyef, gwamnatinsu ta ci da shi ta sha da shi, har rigar sanyi sai da ta ba shi. Da ya dawo Minna aka damƙa masa darasin dangantakar ƙasashe, wanda dole kowane ɗalibin jami'a ya ci kafin a sallame shi, ko injiniya yake karantawa ko noma. Darasin nasa a kan ƙafa biyu yake tsaye: ga Amurka, ga Sobiyet, sauran duniya kuma kowa ya raɓi wanda ya fi masa inuwa. Haka yake a takardun darasin da yake bugawa ya raba wa ɗalibai duk shekara, ko waƙafi bai taɓa canzawa ba.

To, ƙa'idar jami'a ce malami ya rubuta tambayoyin jarrabawa tun da wuri, haɗe da amsoshin da za a ba maki, a aika wa wani farfesa na wata jami'a ya sa hannu, a dawo da su a liƙe a kulle. Daga nan ko mai su ba shi da ikon taɓawa. Jiya ya miƙa nasa da damina, a watan Yuli na 1991. Sai yajin aiki ya ɓarke, ɗalibai suka watse gida, ba a zauna jarrabawa ba sai Janairu. A tsakanin nan kuwa, ranar Kirsimeti, aka sauke jar tuta a Mosko, ƙasar ta rushe. Ita kuwa tambaya ta uku tana can a kulle, ba ruwanta da labarin duniya: a bayyana ƙarfin Tarayyar Sobiyet a siyasar duniya ta yau.

Da la'asar yake duba takardun amsa, a gindin mangwaron gidansa na unguwar Ketaren Gwari. Ɗalibi dai ya san dokarsa: abin da malam ya ba ka, shi za ka mayar masa, ka zauna lafiya. Haka suka yi. Babu wanda bai ji labarin rushewar ba, a rediyo, a tasha, a wajen mai shayi, amma duk suka rubuta cewa Sobiyet tana nan daram, tana riƙe da rabin duniya. Har kuskuren da mai buga takarda ya yi a sunan wani kogi sai da suka kwafo masa. Maganar gaskiya, abin ya yi wa Jiya daɗi. A cikin takardun nan ƙasar da ta raine shi tana da rai, shi kuma yana ta zuba maki kamar mai rabon goron biki.

Sai ya zo kan takardar Hannah Irimiya, 'yar Paiko, mai karatun noma. Darasin nan kaɗai ya rage mata. In ta faɗi, sa'o'inta za su tafi bautar ƙasa ita ta sake shekara. Ta fara amsarta da cewa ƙasar da ake tambaya a kanta babu ita yanzu. Sannan ta jero yadda jamhuriyoyin da ke cikin tarayyar suka ɓalle, ta tambaya wa zai riƙe makaman da aka bari, da kuma inda ƙasashen Afirka da suka jingina da Mosko za su dosa. Ko jimla ɗaya ta Jiya babu a ciki. Ransa ya ɓaci, ya ji kamar an yi masa ta'aziyya da gatse. Ya ɗauko amsoshin da farfesa ya sa wa hannu ya gwada, babu inda suka haɗu. Bisa ƙa'ida, sifili ne.

Ya rubuta sifilin da fensir, ya shiga ɗaki. Washegari ya goge. Bai taɓa jin ƙa'ida ta yi masa nauyi irin haka ba, domin ya san yarinyar ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba.

Ya kai maganar wurin shugaban sashe, Dakta Ndayako, mutumin da ba ya son abin da zai jawo masa tambaya daga sama.

"In ka ba ta maki, sauran fa?" in ji Ndayako.

"Su ma su ci. Ni na koya musu haka."

"Amsa biyu masu karo da juna, duk daidai? Haba Dakta."

"Ɗaya daidai ce a watan Yuli, ɗaya a Janairu. Yarinya ba ita ta yi yajin aiki ba, ba kuma ita ta rushe ƙasar ba."

Ndayako ya daɗe yana juya biro. Daga bisani ya ce to, amma Jiya ya yi wa farfesan bayani da kansa, in kuma abin ya tashi, a wuyan Jiya yake. Jiya ya ce ya ji ya gani.

Ranar da aka kafe sakamako Hannah ta zo ofishinsa godiya, ta rusuna daga bakin ƙofa. A lokacin ransa ya huce, har yana alfahari da ita. Ya ce mata a duk ajin ita kaɗai ta yi ƙarfin halin faɗin abin da ke faruwa.

Ta sunkuyar da kai. "Malam, wallahi ba ƙarfin hali ba ne. Lokacin yajin aiki ina Paiko muna haƙar doya, gara ta cinye takardunka a cikin kwali. Sai rediyon Baba kawai nake ji. Da suna hannuna, ai abin da ka ba mu ni ma zan mayar maka."

Ta yi sallama ta tafi da murnarta. Jiya ya juya maganar a ransa. Ashe duk wanda ya karanta shi da kyau ya rufe ido ne, wadda ta ga duniya kuwa sai da gara ta raba ta da shi.

Can sai ga Sheshi mai buga takardun sashe ya leƙo, riƙe da tsohon kwafin darasin, don sababbin ɗalibai sun kusa shigowa.

"Dakta, guda nawa za a buga bana?"

Jiya ya karɓa, ya dubi shafin farko, ya saka a aljihun tebur.

"Bana ba za a buga ba," ya ce. "Ka dai nemo mini aron rediyo mai batir, ranar Litinin zan shiga da shi aji."