Tafkin Bayan Gida

Ta murɗa famfon banɗaki, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ta gwada na kicin, ko ɗigo. Ko kayan aikin asibiti ba ta cire ba, ga Innarta kwance a ɗaki tun safe ta ɓata shimfiɗa, tana jiran a wanke ta. Amma daga bayan gida ana jin ƙarar ruwa, shaaa, yana gangarowa daga kan duwatsu kamar ba abin da ya dame shi.

Ta fizgi bokiti ta fita.

Mijinta na tsugune a bakin tafkinsa, ya naɗe wando zuwa gwiwa. Wata bakwai ke nan da ya haƙa ramin da hannunsa, ya shimfiɗa baƙar leda mai kauri, ya jera duwatsu tsawon mutum, ya sa inji yana tura ruwa sama yana zubowa. Ya zuba jajayen kifaye goma sha ɗaya. Yau ga tiyo ya taso daga tankin gida ya faɗa cikin tafkin.

"Baban yara, ina ruwan tankina?"

"Au, kin dawo? Sannu da aiki. Wallahi tafkin ne yake yoyo, kwana uku ina neman wurin. In ruwan ya yi ƙasa injin zai ƙone."

"Ya ƙone mana! Uwata na can cikin ƙazanta, kai kana nan kana yi wa kifi wanka?"

"Gobe za a kawo ruwa ai."

"Goben za ta jira a haka? Ni da na wuni ina wanke iyayen wasu, in dawo in rasa abin da zan wanke tawa saboda kududdufi?"

"Tafki," in ji shi a hankali.

"Kududdufi! Gidan sauro! Tunda ka bar aiki ba ka gyara ko ƙofar kicin ba, amma dutse kam ka ɗauko har bayanka ya riƙe. Ni na shafa maka magani!"

Ta finciko wayar injin. Ruwan kan duwatsu ya tsaya. Ta tsoma bokiti, amma ruwan ya yi nisa, hannunta bai kai ba. Ta watsar da takalmi ta shiga ciki.

"A hankali, za ki taka su!"

"In soya su ma, ka gani."

Ruwan ya kai mata ƙauri, sanyi ƙalau, ledar tana santsi da gansakuka. Kifayen suka watse. Ta cika bokitin ta miƙa masa, ya karɓa kamar an ba shi gawa. Ta ce ya kawo na biyu.

Tana juyawa, wani abu ya soke ta a tafin ƙafa. Ta ja tsaki, ta sunkuya ta laluba. A can lungu, ƙarƙashin wani dutse, ledar ta tsage, kuma wani abu mai kauri kamar babban yatsa ya ɓullo ta tsagar. Ta bi shi da hannu. Saiwa ce. Ta ɗaga kai ta ga inda ta nufa: bishiyar lemon da ke jikin katanga, wadda ta dasa da hannunta shekarar da suka tare. Ranar da zai fara haƙa ya ce ta yi kusa, a sare ta. Ta ce duk wanda ya taɓa lemon nan sai dai ya nemi wata matar.

Ta ɗora ƙafa a kan saiwar ta tsaya.

"Mene ne? Kin ji ciwo?"

"Ba komai."

Ya miƙo bokiti na biyu. Ta ga hannunsa duk ya yi fari ya tattare saboda daɗewa a ruwa, yatsu biyu sun fashe. Ta cika, ta fito, ruwa na ɗiga daga farin wandonta.

"Naɗe tiyon nan," ta ce. "Na ga inda yake yoyo."

Ya miƙe zumbur. "Ina? A ina?"

"Sai na gama da Inna. Ɗauko ɗayan ka biyo ni, ka ɗora a wuta."

Ta yi gaba da bokitinta. Da ta zo daidai bishiyar, wani reshe ya kama mata ɗankwali. Ta tsaya ta cire shi a hankali, don kada ya karye.